Shekarar da Ɗantala Ya Shuka Gazon

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Kore Mairuwa don a yi masa facin taya ya san Ɗantala, kuma ya san facin minti goma ne, labarin ƙwallon da ke biye da shi awa guda. Tun yana ɗan shekara tara yake manne da ekip ɗin garin, wadda ake kira Guguwa. Ya tsallaka dangar mutane ya ɗauko ƙwallo, ya ɗinke ta in ta fashe, ya hura ta da famfon keke, ya ja layin fili da tokar murhun uwarsa, da ya yi aure kuma ya koma kwasar ta matarsa. Sau ɗaya tak aka taɓa sa shi gola, ranar da golan gaske ya tafi biki Dogon Dutsi, aka zura masa bakwai. Amma in a bakinsa ka ji labarin, ba don shi ba da ashirin aka ci.

Matarsa Habsatu ta yi shekara talatin tana jin wannan labari, ko in ce ta yi shekara ɗaya tana ji, sauran ashirin da tara kai kawai take gyaɗawa tana tsince wake. Gidansu yana bayan ragar gabas ta filin, katanga ce kaɗai tsakani. Kullum da la'asar in tana shara tana hango ɗanta Luƙman tsaye a wannan raga ana gwaji, don shi ne golan Guguwa yanzu, kuma shi kaɗai ne namiji cikin ƴaƴanta biyar. Amma ranar wasa na gaske ba ta taɓa kallo ba. Da ta ji an fara buga gangar ƴan kallo sai ta ɗauki mayafi ta tafi gidan yayarta can ƙarshen gari, ta ce zuciyarta ba ta ɗaukar ihun nan.

A shekarar da nake ba ku labari zuciyar tata ta sami abin da ya fi ihu. Luƙman ya ce da an gama girbi zai bi abokansa Jado haƙar zinariya. Habsatu ta san yara biyu na unguwarsu da suka tafi can. Ɗaya ya dawo da tarin da bai sake shi ba har yau, ɗayan kuwa shekara uku ko saƙon murya babu. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta sa kawunsa ya yi masa magana, yaro yana nan kan bakansa. Ƙofa guda ce ta rage. Akwai wani malami da ake kira Mushe Abdul'aziz mai horar da wata ekip a Dosso, wanda ya ji labarin Luƙman ya ce zai zo ya gan shi ranar final ta gasar hutun damina, da za a yi a Kore a shekarar. In ya yi masa, zai tafi da shi, ya kuma sa shi koyon walda wurin ƙaninsa. Luƙman ya yi wa uwarsa alkawari cewa in Dosso ta ɗauke shi, Jado ta rasa shi.

Da Ɗantala ya ji manyan baƙi za su zo filinsa, sai kansa ya ɗau zafi. Ya tara mutane a rumfar faci ya ce ya daɗe yana nazarin wasan Turawa a tele, kuma ya gano sirrinsu. Ba su fi mu ƙafa ba, ba su fi mu numfashi ba, ciyawa kawai suka fi mu. Mutum ya faɗi kan laushi ya tashi yana dariya, mu kuwa yashi ya kwashe mana fatar gwiwa. Don haka bana Kore za ta yi gazon. Ya zaro wata ƴar leda da wani direba ya kawo masa daga Yamai, mai hoton farin kare kwance kan koren fili, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Tsoho Usaini, manomin da ke yini a rumfar saboda inuwarta, ya karɓi ledar ya jijjiga ta kusa da kunne, ya ce irin da ke ciki ko wurin shimfiɗa buzun salla ba zai rufe ba.

"Baba Usaini, kai hatsi ka sani," in ji Ɗantala. "Wanga yaɗo shikai. Ƙwara guda tana cin taki ashirin."

"Kabewa ce ke nan."

"Gazon."

"To Allah shi ba mu rai mu ga ɗiyanta."

Abu na farko, in ji Ɗantala, taki. Lokacin bazara ne, makiyaya suna ratsowa, kuma kowa ya san yadda ake yi: mai gona ya roƙi mai shanu ya sauka a gonarsa ƴan kwanaki, shanu su kwana su bar masa albarka. Ɗantala ya je ya ɗauko Ishaku da garkensa ya sauke su tsakiyar filin ƙwallo. Ishaku ya ce shi tun da yake bai taɓa sauka a gonar da ke da raga biyu ba, amma ƙasa mai kyau ce, ba tudu ba kwari. Sati uku shanu suka yi. Ƴan wasa suna gwaji suna kewaye bijimai, ƙwallo in ta faɗi ba ta tashi sai dai ta zauna daɓas, wanda ya ɗauko ta kuma ba mai gaisawa da shi. Wata saniya ta sami turken ragar yamma ta mai da shi abin susa har ya kwanta. Ƙuda suka cika gidan Habsatu, furar da ta dama sai ta rufe da faifai biyu.

Tsoho Usaini ya zo ya zagaya shanun, ya duba jelarsu, ya tambayi Ishaku daga wane daji suka fito. Da ya ji amsa sai ya je ya ce wa Ɗantala ya dubi abin da ke maƙale a jelar dabbobin nan da gashin ƙafarsu. Ɗantala ya ce shi ba jela ya gayyato ba, abin da ke ƙarƙashinta ya gayyato.

Ruwan farko ya sauka, Ɗantala ya sa rigar golansa ta shekara talatin da suka wuce, wadda yanzu ba ta rufe cibiya, ya fito shuka. Bai yarda a saɓa rami ba, ya ce Turawa watsawa suke yi. Yana tafe yana watsawa, ƙirji a gaba, bai ko waiwaya ba. Da ya waiwaya da ya ga zabbin maƙwabciyarsu Lubabatu, su goma sha wani abu, sun jeru bayansa kamar masu rakiyar ango, duk ƙwarar da ta taɓa ƙasa sai ta sami mai ita. Ƴan kallo na bakin fili sun gani, amma ba wanda ya so ya katse abu mai kyau haka. Sai da ya kai ragar yamma ya juyo, ya tarar da su suna kallonsa suna jiran ƙari.

Ya bi su da gudu har ƙofar Lubabatu. Ita kuwa mace ce da ba a taɓa kayar da ita a baki ba, ta fito da muciya a hannu.

"Lubabatu, zabbinki sun cinye min irin Turai."

"To ka bari su kwana, in sun tashi da faransanci sai mu raba riba."

Ya ce zai kai ƙara wurin mai gari. Ta ce ya je, ita ma tana da ƙarar ƙudan shanunsa da ta ajiye, sai a haɗa a yi zama ɗaya. Nan maganar ta mutu.

Kwana shida bayan haka sai ga fili ya yi kore. Wani irin kore shar, daga raga zuwa raga, ba gurbi ko na tafin hannu. Ɗantala ya tsaya bakin layi hannu a ƙugu, ya ce ai ya faɗa, ƙwara biyu ko uku da zabbi suka manta su ne suka yi wannan aiki. Ya sa aka kewaye filin da ƙaya, ya hana kowa takawa, har ƴan Guguwa ya kora filin lakwal, wato makarantar boko, can suka yi duk wasanninsu na gasar har Allah ya kai su final. Samari suna zuwa daga ƙauyuka suna ɗaukar hoto ta saman shinge. Aka fara kiransa Direkta, ya kuwa amsa tun kafin a rufe baki. Rumfar faci ta koma rabin yini, don sauran rabin yana bakin fili da sanda yana korar awaki. Tsoho Usaini ya ce masa ya bar bayin Allah su shiga, taimakonsa suka zo yi. Ɗantala ya ce hassada dai ba ta tsufa.

Habsatu ba ta san ƙwallo ba, amma ta yi noma tun tana goyon ƙannenta. Wata safiya ta zura hannu ta ƙasan shinge ta tumɓuko ciyawar, ta dubi ganyen, ta murza gindin. Da rana ta ajiye masa tuwo, ta ajiye ciyawar gefen kwano.

"Malam, wagga ƙarangiya ce."

"Gazon."

"Shekara arba'in ina cire ta cikin gona. Ko cikin barci anka sa min ita ga hannu na san ta."

Ya ce kamanni ne kawai, kamar yadda gero da shibra suke kama suna ƙanana. Ya ce ita da ba ta taɓa fita Arewa ba ina za ta san ciyawar ƙasashen waje. Ta tambaye shi shi ina ya taɓa zuwa. Ya ce ya je Gaya, har ya hango ƙetaren gada. Ta roƙe shi ko dai ya sa a yanke ta tun ba ta fid da kai ba, don ɗansu ne zai faɗi a kanta, ba ɗan kowa ba. Ya ce ba mai taɓa ta sai baƙi sun gan ta da tsawonta, kuma ai saura kwana tara.

Da a kwana taran aka yi, da ya sha. Ƙarangiya tana ɗanya ba ta cizo. Amma ruwa ya yanke hanyar Gesheme, garin da za su kara da su, aka ɗaga final sati biyu. Sati biyun suka cika, sai aka yi rasuwa gidan shugaban gasar, aka ƙara ɗaya. Damina ta ja baya, rana ta buɗe. Koren nan ya fid da kai, kan ya yi ja, ya bushe, ya yi ƙaya. Duk wanda ya bi ta gefen shinge sai ya tsaya gaba kaɗan yana tsintar bakin wandonsa. Ɗantala ya ce wannan shi ne irin gazon, kuma baɗi har Dosso za a zo saye wurinsa.

Ana jibi wasa ya yarda a yi aski. Ya kawo mutum huɗu da lauje suka kwantar da ciyawar. Tsoho Usaini ya ce a tattara ta a ƙone tun kan yana jikinta. Ɗantala ya ce a Turai ba a ƙona fili, daddaɓe shi ake yi da wata na'ura mai nauyi. Na'urar ba ta samu ba, sai ya ciro tsohon ƙyauren ƙarfe na rumfarsa, ya ɗaura wa jaki, ya hau ƙyauren ya tsaya don ƙarin nauyi. Suka bi filin tsaye, suka bi shi kwance. Abin da masussuka ke yi wa hatsi shi ƙyauren ya yi wa ƙarangiya: ya kakkaɓe ta tas daga kara, ya baza ta daidai wa daida, ba inda ya fi wani. A zagaye na ƙarshe jakin ya ji ta cika masa ciki da hammata, ya yi wata haniniya ya zabura. Direkta ya sauka ta baya, jaki da ƙyaure suka fasa shinge suka nufi kasuwa, wani mai tallan mai ya tsallake da ƙyar. Ɗantala ya tashi yana kaɗe riga ya ce dama aikin ya ƙare.

Safiyar ranar wasa, rana ba ta gama fitowa ba, Habsatu ta leƙa gidan Lubabatu. Ba ta yi dogon bayani ba, Lubabatu ta ɗauko tsintsiyar kwakwa da tsofaffin barguna biyu. Suka shiga ta inda jaki ya buɗe. Suka kwashe karan da ke gaban ragar gabas, suka share, suka ja bargo a ƙasa ya kwashi ƙaya har ya yi nauyi, suka kakkaɓe a wuta suka sake ja. Habsatu ta durƙusa tana bin yashin da tafin hannu, inda ta ji tsini ta tsince. Hantsi ya yi kafin wurin ya koma yashi zalla, mai laushi kamar na wankan jariri. Yatsunta duk sun yi jini, amma rabonta da jin sanyi a rai haka tun bazara.

Lubabatu ta miƙe tana dafe ƙugu, ta nuna ragar yamma da haɓa ta ce waccan fa.

"Waccan ta ɗan wasu ce," in ji Habsatu. "Uwarshi ta zo ta share mishi."

Da la'asar gari ya cika. Ƴan Gesheme sun zo mota biyu da gangarsu. Habsatu ta ɗauki mayafi kamar kullum, ta kai ƙofa, sai ta dawo ta kife turmi jikin katanga ta hau. Lubabatu ta kawo nata turmin.

Ɗantala ne ya shigo da manyan baƙi ta tsakiyar fili don su ji laushi. Kafin su kai rumfa, babbar rigar shugaban gasar ta yi gezar da ba da ita aka ɗinka ta ba, wani malamin lakwal mai silifa kuwa ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kiran sunan Allah. Kujerar da aka ajiye wa baƙon Dosso ita kaɗai ce ba kowa. Habsatu ta tambaya, aka ce motarsa ta yi faci a hanya, kuma mai facin Kore ga shi nan cikin fili.

Aka jefa kwabo, Guguwa ta sami gabas, Luƙman ya tsaya cikin yashinsa yana dube-dube, yana mamakin wanda ya yi masa wannan gata. Alƙalin wasa ya busa usur.

Mutanen Kore sun ce ba a taɓa wasa mai ladabi irin na ranar ba. Kore da Gesheme da suka saba rabuwa da ɗingishi, ranar ba wanda ya sa wa wani ƙafa. In biyu suka yi karo sai su rungume juna kada wani ya faɗi. Ƙwallo ta yi birgima sau biyu ta koma bushiya, aka bugo ta sama, mutum shida suka kauce mata da kai lokaci guda. Mai jifa daga gefe ya naɗe hannu da hularsa. Wani ɗan Gesheme ya zame ya zauna, ya tashi da wata ƙara da ta sa jarirai kuka, aka fitar da shi a tsaye don ya ƙi kwanciya kan komai. Golansu kuwa ya tsaya ƙiƙam kamar turke na uku, aka zura masa biyu yana kallo. Luƙman a nasa gefen sai shawagi yake, ya faɗi dama, ya faɗi hagu, ya tashi yana murmushi. Ƙwallo huɗu ya cire waɗanda kowa ya riga ya ƙirga. Habsatu tana kallon ɗanta, tana kallon kujerar nan, kujera ba kowa.

Ana busa hutun rabin lokaci sai ga kabu-kabu ya sauke wani dogon mutum mai tabarau da ɗan littafi a hannu. Mushe Abdul'aziz ya iso. Habsatu ta ce alhamdu lillahi, yanzu zai gani. Sai ta ga ɗanta ya ɗauki gorar ruwansa ya nufi yamma, golan Gesheme kuma ya taho gabas, ya taka yashin nan, ya durƙusa ya shafa shi, ya ɗaga hannu sama yana godiya.

Ba ta san lokacin da ta sauka daga turmi ba. Matar da ko sunan ɗanta ba ta cika faɗa cikin mutane ba, sai ga ta tsakiyar fili gaban alƙali, Lubabatu na biye.

"Yaro, wane ne ya ce su musanya?"

Alƙalin ya ce haka doka take, Inna, kowane wasa ana juyawa.

"Tun yaushe?"

"Tun da anka fara ƙwallo."

"To ni na share wurin ga da hannuna, ga su ka gani. Wancan yaron ko tsinke bai ɗauka ba."

Golan Gesheme ya ce Allah ya saka wa Inna da alheri, ya sa ta gama da duniya lafiya. Lubabatu ta ce ya rufe mata baki. Fili ya kwashe da dariya, Habsatu ta juya ta dubi mijinta ta ce shekara talatin yana cika mata kunne da ƙwallo, abu guda mai amfani bai taɓa faɗa mata ba. Ɗantala ya ce ya faɗa, a shekarar farko. Da ƙyar Luƙman ya rako ta bakin layi yana cewa ta yi haƙuri, kunya kamar ta kashe shi. Ba ta koma kan turmi ba, nan ta tsaya bayan ragar yamma.

Aka dawo wasa, kuma abin da take tsoro shi ya faru. Luƙman ya dubi ƙasa gabansa, ƙaya kwance kamar an shanya ta, jikinsa ya ƙi. Aka bugo wata ƙasa-ƙasa gefen hagunsa, irin wadda yake cirewa ido rufe, ya miƙa ƙafa kawai, ta wuce. Biyu da ɗaya. Mushe Abdul'aziz ya rubuta wani abu gajere ya rufe littafin, ya fara duba agogo. Habsatu ta ji kamar ta ga ƙurar motar Jado.

Saura minti biyu a tashi, ƙwallo ta taɓa hannun wani ɗan Guguwa da ke ƙoƙarin kare fuskarsa, alƙali ya ba da penalti. Ƴan Kore suka fara ihu wai a cire shingen Direkta a sa masa a gado. Wani ya ce gazon, ɗari suka amsa ƙarangiya. Abin ya kai Ɗantala wuya. Ya ratsa layi ya shigo, rigar golan nan ta tsaya masa sama da cibiya, ya ɗaga hannu ya ce yaran yanzu ne ba su da fata. Ya ce shi a zamaninsa kan tsakuwa yake faɗuwa, wannan kuwa katifa ce, kuma bari ya nuna wa ɗansa yadda ake yi. Tsoho Usaini ya ce kada ya yi. Habsatu ta ce Malam, don Allah. Ya ja baya taku uku, ya tashi sama iyakar abin da tumbi ya yarda, ya sauka da cikinsa gaba ɗaya.

Fili ya yi tsit. Ɗantala bai yi ƙara ba, don ƙarar ta maƙale. Ya yi ƙoƙarin juyawa, bayansa ya kwashi nasa rabo. Ya dafa hannu zai tashi, hannun ya kwasa. Da aka ɗago shi, mutum biyu suna riƙe da shi da yatsu bibbiyu, ya koma kamar ƙwallon da ake bugawa, har gemu. Ya buɗe baki a hankali ya ce, "Da laushi." Sai dariya ta fashe, Kore da Gesheme baki ɗaya, har mai ganga ya kwanta kan gangarsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Habsatu tana kusa, ta ga fuskar Luƙman lokacin da ake jan ubansa gefe ana nuna shi da yatsa. Ya bi shi da ido har aka tsayar da shi jikin turke, sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya koma kan layi.

Ɗan Gesheme mai bugun penaltin ya san golan nan ba zai faɗi ba, kowa ya sani, don haka bai wahalar da kansa ba, ya tura ta ƙasa can kusurwar hagu. Luƙman ya tashi gaba ɗayansa, ya miƙe a iska, ya sauka da kafaɗa da haƙarƙari da kunci cikin ƙayar, ya ja jiki a kanta taku guda, ƙwallo a ƙirjinsa. Bai sake ta ba har aka busa tashi. Habsatu ta rufe ido da mayafi, ta ce wa Lubabatu ta gaya mata in ya motsa.

Kafin magariba gidan ya cika da masu barka. Uba da ɗa suna kwance rub da ciki kan tabarma biyu a tsakar gida, Habsatu na tsakaninsu da kwano da ɗan hantsaki, ƴan matanta suna taya ta. Kup ɗin da Guguwa ta ci yana kan turmi. Sai aka yi sallama, Mushe Abdul'aziz ya shigo yana tsince bakin wandonsa. Ya ce ya yi shekara goma sha biyar yana neman gola, ya ga masu tsalle, ya ga masu tsawo, amma bai taɓa ganin wanda ya dubi ƙarangiya ya faɗa mata da fuska ba. Ya ce in ƙayar ta gama fita, Luƙman ya same shi Dosso ranar Litinin, ya taho da kayansa duka.

Habsatu ta sunkuya kan kafaɗar ɗanta kamar tana neman wata ƙaya da ta ɓuya. Luƙman ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, cewa gobe zai gaya wa abokansa su ba wani kujerarsa ta motar Jado.

Daga ɗaya tabarmar sai murya ta taso, a daƙushe don bakin yana cikin matashi. Ɗantala ya ce ai dama shirin ke nan tun farko. Ya ce a kan laushi kowa gola ne, shi ya sa ya nemi ciyawar da za ta tace na gaske, kuma faɗuwar da ya yi dabara ce ta tsofaffin ƴan wasa, Mushe zai gane. Mushe ya ce lalle ya gane. Ɗantala ya ƙara da cewa baɗi, in Allah ya kai mu, akwai wani iri da ya ji labari a Yamai.

Habsatu ta juyo gare shi da hantsakin. Akwai wata babba da ta shige masa can ƙasan baya, wadda tun ɗazu take lallaɓawa.

"Malam, wagga da ke nan, mi anka ce sunanta?"

"Gazon."

Ta ɗan danna ta da babban yatsa.

"Ƙarangiya," in ji Ɗantala.

Sannan ta cire masa.